Mu Rubuta Asalin Gidanmu Tun Tsofaffinmu Suna Raye

Ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, barkanku da war haka. Muna gaishe da mutanen Diffa da na bakin Komadugu, tun daga Maine Sorowa, Shatimari, Gaskeru, har Boso. Yau hirarmu da ku ce, amma kowa a ƙasar nan zai tsinci abin amfani a ciki.

Bari in fara da tambaya. Wane ne mahaifinka? Kowa ya sani. Wane ne kakanka? Yawancinmu mun sani. To, wane ne mahaifin kakanka? A ina aka haife shi? Me ya raba shi da garinsu? A nan mutane da yawa sukan yi shiru. In aka ce, faɗi sunan kakar mahaifiyarka, shirun sai ya ƙaru.

Ni kaina haka ta faru da ni. Kakata ta san sunayen kakanninmu har bakwai. Takan jera su da dare, muna yara muna gyangyaɗi. Na iya rubutu a lokacin, amma ban rubuta ba. Kullum ina cewa gobe. Da ta rasu, na zauna in tuna, huɗu kaɗai suka zo mini. Ukun nan na bi dangi ina tambaya, har yau ban same su ba.

Ku da kuka koyi karatu da rubutu da girmanku, kuna da abin da yaran lakwal ba su da shi. Kun zauna da tsofaffi. Kun san ladabin tambaya. Kun san wane ɗan wane ne. Yanzu kuma ga alƙalami a hannunku.

Me ya sa maganar ta fi matsa wa mutanen Komadugu?

Kun fi ni sanin abin da ya faru. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Boso da Diffa. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutane daga tsibiran tafkin Cadi. A farkon Yuni 2016 Boso ta sake watsewa. Garuruwa da yawa na bakin kogi suka tashi, mutane suka kafa bukkoki a gefen kwalta, waɗansu suka tafi sansanin Sayam Foraj, waɗansu suka shiga unguwannin Diffa. A watan Oktoba 2019 kuma kogi ya yi ambaliya, ya ci gidaje da gonaki. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman takarda. Takardu sun ƙone, sun jiƙe, sun ɓata. Tsofaffi da yawa sun rasu nesa da garinsu. Akwai samari da ƴan mata yau waɗanda ba su taɓa ganin gonar kakansu ba.

A watan Yuni 2021 hukuma ta fara mai da mutane garin Barwa. Duk ranar da mutanen gari suka koma, tambayoyi sukan taso. Ina iyakar gonar tattasan gidan wane? Wa ya sare dajin nan tun farko? Aro aka ba da wannan fili, ko jingina, ko sayarwa? In an zo rabon gado, alƙali ko malam zai tambaya: mamaci ya bar ƴaƴa nawa, mata nawa, iyayensa suna raye? In tsohon da ya san amsa ya riga ya kwanta dama, sai gardama ta shiga tsakanin ƴan'uwa. Saboda haka wannan aiki ba na nishaɗi kaɗai ba ne.

Kayan aiki ba su da tsada. Kaye ɗaya mai bango mai ƙarfi, da bik, da leda ta ajiya. Kada ku yi amfani da kayen da ake rubuta bashin kanti. Wannan kaye na gida ne, shi kaɗai. Ku rubuta da harshen da kuka iya: Hausa, Barbarci, Fulatanci, Tubanci ko Larabci. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Abin da ake so, wani ya iya karantawa bayanku.

Ka fara da kanka

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara daga sama. Mutum ya ce, mu daga Yamal muka fito, ko daga Gazargamu, sa'an nan ya rasa yadda zai sauko har ya iso kansa. Rijiya daga baki ake fara haƙa ta. Shafi na farko naka ne. Ka rubuta sunanka na yanka da sunan da ake kiranka. Ka rubuta garin da aka haife ka, da sunan mahaifinka da na mahaifiyarka, da matanka ko mijinki, da ƴaƴa bi da bi, har da waɗanda suka rasu suna jarirai. Shafi na biyu na mahaifinka. Na uku na mahaifiyarka. Mutum ɗaya, shafi ɗaya. In abin da ka sani game da shi layi biyu ne kawai, ka bar sauran shafin fari. Wata rana zai cika.

A kan kowane mutum ka nemi sanin inda aka haife shi, da sana'arsa, da inda ya zauna, da inda aka binne shi. Manomi ne, ko masunci, ko makiyayi, ko mai dafa manda a ƙasar Manga? Sana'a takan nuna hanyar da mutum ya bi.

Kada ku manta da ɗakin uwa. Mu maza mun saba jera uba, da uban uba, mu tsaya. Amma rabin jininka na mahaifiyarka ne. Kuma a gaskiya tsofaffin mata sun fi maza riƙe wannan ilimi. Su ne suke zuwa suna da biki. Su suka san wadda ta shayar da wane. Wannan ma a rubuta shi, domin shayarwa tana hana aure, kuma in ba a rubuta ba, bayan shekara ashirin babu mai tunawa.

Yadda ake tambayar tsoho

Kada ka je wa tsoho kamar ɗan sanda. Ka je da goro ko ɗan shayi da sukari. Ka gaishe shi yadda ya kamata. Ka ce, "Baba, ina so in rubuta sunayen kakanninmu don jikokinka." Ka zauna ƙasa. Kada ka je da tsakar rana, ko lokacin da salla ta gabato.

In ka ce, "Baba, ba ni tarihinmu," zai ce ya manta. Tambaya babba tana rufe baki. Ka yi ƙarama. "Baba, wa ya yi maka kaciya? Da wa da wa aka yi muku tare? Gonar wa ke gabas da ta mahaifinka? Inna, wace ce ta raka ki ɗakin miji? Wa ya ba ki tukunyar nan?" Daga ƙaramar tambaya sai labari ya ɓalle. In ya ɓalle, ka yi shiru. Kada ka katse shi don ka gyara masa. In ya kauce ya shiga labarin kamun kifi, ka bar shi. Sau da yawa sunan da kake nema yana cikin kwalekwalen nan.

Wanda yake da salula mai ɗaukar murya ya nemi izini, ya ɗauka. In ya koma gida ya saurara a hankali, ya rubuta. Mu da hannunmu bai yi sauri ba tukuna, wannan yana taimako ƙwarai. Amma kada a bar magana cikin waya kaɗai. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana lalacewa.

Ga ƙa'ida guda wadda nake roƙonku ku riƙe da kyau. A ƙarƙashin kowane labari ku rubuta wanda ya faɗa muku, da garin, da ranar. Misali: "Gwaggona ta faɗa mini, a Diffa, ran 5 ga watan azumi." Ku kuma tambaya: da idonki kika gani, ko ji kika yi? Wanda ya gani daban, wanda ya ji daban. In kawu ya ce kakanku daga Damasak ya zo, gwaggo ta ce daga Gaidam, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi ka share ɗayan. Ka rubuta duka biyu. Wataƙila a Gaidam aka haife shi, ya zauna Damasak, sa'an nan ya ƙetaro. Mutum na uku zai raba gardama.

Na ce ƙetare. Ku tuna kogin nan bai zama iyaka ba sai da Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya a 1904. Kafin nan gaɓar arewa da ta kudu ƙasa ɗaya ce. Boso tana kallon Malam Fatori. Akwai Abadam a wannan gefe, akwai a wancan. Da wuya a sami gidan Mobar wanda ba shi da dangi a Najeriya. Amma ina gargaɗi: kada kowa ya jefa kansa cikin hatsari don neman labari. Kada a je kufai ko a ƙetare ruwa inda hukuma ta hana. Tsofaffin garuruwan da suka tashi, da yawansu suna kusa da ku. Na nesa kuma a kira su ta waya.

Rikicin sunaye

A nan mai rubutu yakan ruɗe. Suna ɗaya yana da riguna da yawa. Abubakar shi ne Bukar, shi ne Garba, shi ne Buba. Muhammadu shi ne Modu, shi ne Mamman. Ali shi ne Ari. Fatsima ita ce Falmata, ita ce Fanna. In ba ka lura ba, sai ka mai da mutum ɗaya mutum uku.

Akwai kuma alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Kada ka matsa mata. Ka tambayi wata. A gidajen Barebari, yaron da ya ci sunan kakansa akan kira shi Baba Gana, yarinya kuma Ya Gana. Gana ƙarami ke nan, kura babba. Wannan alkunya tana da amfani gare ka. In ka ji Baba Gana, ka nemi sunansa na yanka, ka ga ko ba sunan kakan da ake nema ba ne. Amma tana da tarko. Suna yana dawowa cikin gida, kaka da jika suna ɗaya. Masu jera sunaye sukan haɗe su, su tsallake mutum biyu ba su sani ba. Don haka a rubuta kowa da laƙabinsa da sunan mahaifiyarsa.

Sunayen Hausa ma suna ba da labari. Gambo yana bin tagwaye, ka nemi Hasan da Husaini. Tanko ya zo bayan mata, Kande ko Delu bayan maza. Audi bai tarar da mahaifinsa ba. Azumi cikin Ramadan aka haife ta. Bulama, Lawan, Shatima, Goni, Mala, waɗannan asalinsu sarauta ne ko malanta, amma ana raɗa wa yara su. Ka tambaya: ya riƙe gari ne, ko sunan ya ci?

Ku duba fuskokin tsofaffi. Askar da wanzami ya yi musu tana nuna dangi, kuma yaran yanzu ba a cika yi musu ba. Ka zana ta cikin kaye, ka rubuta yawan tsagen kowane kunci. Tubawa da Larabawa da Fulani su zana shaidar da suke yi wa raƙuma da shanu. Shaidar dabba tana bin gida, uba ya bar wa ɗa.

Yadda ake gano shekara

Tsohuwa ba za ta ce maka an haife ta a 1948 ba. Za ta ce, "Shekarar da aka yi yunwa ina goyon ɗana na biyu." To, aikinka ne ka san shekarar yunwar. Ga waɗansu turaku da za ku ɗaura labari a jikinsu. Malami ya rubuta su a allo, kowa ya kwafa a shafin ƙarshe na kayensa.

1808, aka ci Birnin Gazargamu.
1893, Rabe ya ci Barno. 1900, aka kashe shi a Kusuri.
1913 zuwa 1914, babbar yunwa, wadda Hausawa da yawa suke kira Kakalaba.
1960, ran 3 ga Agusta, ƴancin kai.
1964, aka yi jihar Diffa.
1973 zuwa 1974, fari da mutuwar dabbobi. Ran 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya karɓi mulki.
1984, fari, da rufe iyaka da canjin naira zamanin Buhari.
1987, rasuwar Kunce.
1999, aka zaɓi Tanja Mamadu, haifaffen Maine Sorowa.
2006, ran 29 ga Maris, husufin rana.

An kuma yi ƙidayar jama'a ta ƙasa a 1977, 1988, 2001 da 2012. Waɗannan na kowa ne. Kowane gari yana da nasa turakun: shekarar da aka naɗa bulama wane, shekarar gobarar kasuwa, shekarar da kwalta ta iso, shekarar da kogi bai kawo ruwa da wuri ba, shekarar da tafki ya janye ya bar Gigimi a tudu. Kowace yunwa tana da sunanta na Barbarci a garinku. Ajinku ya tara waɗannan sunaye, a jera su, wanne ya riga wanne. Wannan aiki ne na aji duka, kuma zai amfani kowane gida.

Ga yadda ake lissafi. Inna ta ce an yi mata aure damina biyu kafin ƴancin kai. Wato 1958. Ta ce tana da kamar shekara goma sha biyar. A cire 15 daga 1958, saura 1943. Sai ka rubuta, "An haife ta wajen 1943." Kalmar nan "wajen" kada ka ji kunyarta. Ta fi ƙaryar rana da wata.

Ga waɗanda suka yi nisa, akan ƙiyasta kamar shekara talatin tsakanin uba da ɗa. In an haife ka a 1980, mahaifinka wajen 1950, kakanka wajen 1920, mahaifinsa wajen 1890. To, in aka ce maka kakanka ya yi yaƙi da Rabe, ka ga lissafi bai yarda ba. Ko dai kakan kakanka ne, ko an tsallake suna. Ƙiyasi ne, ba awo ba, gama tsoho yakan haifi auta yana da shekara sittin.

Malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa da shekarar Hijira, a bangon littafi ko a wata ƴar takarda cikin gafaka. Ku roƙe su su duba muku. Ga yadda ake juya ta. A raba shekarar Hijira da 33. Abin da aka samu a cire shi daga shekarar. Sa'an nan a ƙara 622. Misali 1393. In an raba da 33, an sami 42. A cire 42, saura 1351. A ƙara 622, ya zama 1973. Kuskuren ba ya wuce shekara ɗaya.

Takardun gida da na hukuma

Ku buɗe akwatin tsoho, da izininsa. Tsohon katin ɗan ƙasa, takardar lanho, takardar jangali, katin zaɓe, katin asibiti, takardar tsohon soja, fasfo na hajji, wasiƙa, hoto. Kada a yar da ko ɗaya. Takardar lanho ta iyali tana ɗauke da sunan mai gida da mutanen da ke ƙarƙashinsa. Amma ku sani, a zamanin da mutane sukan ɓoye ƴaƴa da dabbobi don tsoron haraji da aikin tilas da kamun lakwal. Rashin suna a takarda ba ya nufin babu mutumin. Hoto kuwa, a juya bayansa a rubuta sunayen waɗanda ke ciki, tun akwai mai gane su.

A takardu da yawa za ku ga an rubuta "né vers" da Faransanci. Ma'anarsa, an haife shi wajen shekara kaza. Ma'aikaci ne ya dubi fuska ya ƙiyasta. Haka in kun ga ranar 1 ga Janairu, galibi cike gurbi ne. Waɗansu an rage musu shekaru don shiga lakwal, waɗansu an ƙara. Sunaye ma an rubuta su da kunnen baƙo. Takarda shaida ce, amma ita ma a auna ta da maganar tsofaffi.

Takardun haihuwa da aure da rasuwa suna meri. In taka ta ɓata amma ka tuna komin da shekarar da aka yi ta, je ka nemi a duba rajista a ba ka wata. Wanda ba a taɓa rubuta shi ba, sai ya bi ta gidan shari'a da shaidu, alƙali ya yi masa takardar da ake kira jujma. Wani lokaci alƙalai sukan fita ƙauyuka da sansani su yi wa jama'a da yawa a rana ɗaya. In kun ji sanarwa, ku je da kayenku, gama abin da za a tambaye ku yana ciki: sunan uba, sunan uwa, gari, shekara. Jariri kuwa, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwarsa, a asibiti ko wurin mai gari. Yaron da ba shi da takarda yakan sha wahala ranar jarrabawa.

Bulama da liman da sarkin kanto su ma rumbu ne. A fadar Kazalma na Komadugu, da sauran fadodi, akwai dattawan da suka san jerin masu gari da yadda kowane ƙauye ya kafu. Maroƙa da makaɗa suna riƙe da kirarin gidaje. A saurare su, a rubuta. Amma maroƙi don a ba shi yake yi. Ba zai ce kakanka ya gudu daga yaƙi ba.

Garin Diffa kansa ƙauye ne ƙarami kafin 1964. Yawancin gidajen da ke cikinsa yau daga wani wuri suka zo, kuma ba da daɗewa ba: ma'aikata, ƴan kasuwa daga Damagaram da Maraɗi, makiyayan da fari ya kora, masu gudun tashin hankali. Mutumin Diffa ya fara da tambayar wa ya fara zuwa, a wace shekara, ya sauka gidan wa. Mai masaukin nan ko ƴaƴansa sukan san garin da baƙonsu ya fito.

A kusan kowane dangi akwai wanda ya tafi hajji da ƙafa bai dawo ba. Hanyar takan bi ta Fort Lami, wadda ake kira Njamena tun 1973, ta wuce Abeshe ta shiga Sudan. Da yawa sun tsaya noma a can don neman guzuri, suka yi aure, suka zauna. A ba irin wannan mutum shafinsa. A rubuta shekarar tafiyarsa da garin da aka ji labarinsa na ƙarshe.

Abin da ke cikin manyan ɗakunan ajiya

Rubuta asali ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sarakunan Barno suna da jerin sunayensu da ake kira girgam ko diwan, kuma a ciki akan ambaci sarki da mahaifinsa da mahaifiyarsa da inda ya rasu. Wani Bajamushe mai suna Barth ya sami kwafinsa a Kukawa a 1851. Mai Ali Gaji ya kafa Gazargamu kusa da kogin nan namu wajen 1470, kufanta yana nan kusa da Gaidam. Limamin Mai Idris Alauma, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen sarkinsa a 1576 da 1578. Sarakunan kuma sukan ba gidajen malamai takarda mai suna maharam, wadda ta ɗauke musu haraji, su da zuriyarsu. In akwai tsohuwar takardar Larabci a gidanku, kada ku sayar, kada ku wanke a sha. Ku kai wa malami ya karanta, a ɗauki hotonta.

Daga 1906 zuwa 1909 wani hafsan Faransa mai suna Tilho ya bi iyaka daga Kwara har tafkin Cadi. Tafintansa, Landeroin, ya tambayi sarakuna da dattawa, ya rubuta tarihin ƙasashen da suka ratsa. A Yamai, gidan ajiyar takardun ƙasa yana da rahotannin kwamandoji na rangadi da ƙidaya. Cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai tana da littattafan Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Akwai cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tara tarihin baka. Wani masanin ƙasarmu, Maikorema Zakari, ya fitar da littafi kan tarihin ƙasar Manga a 1985. Takardun ɗaya gefen kogi suna Kaduna. Diffa kuma ta sami jami'arta a 2014. In kuna da ɗa ko ƙane ɗalibi, ku ba shi sunan ƙauyenku ya bincika.

Amma kada in ruɗe ku. Waɗannan takardu sun fi maganar sarakuna. Turawa sarki suka tambaya, ta bakin tafinta, sarki kuwa ya faɗi abin da zai ƙarfafa gidansa. Da wuya ka sami sunan kakanka manomi a ciki. Abin da za ka samu shi ne labarin ƙauyenku, da sunan bulaman lokacin, da shekarar yunwa ko ƙaura. Sunan kakarka ba ya Yamai, ba ya Kaduna. Yana bakin gwaggonka.

Maganar Yamal kuma, gidan sarautar Saifawa ne ya ce ya fito daga Saifu ɗan Zi Yazan. Daga baya gidaje da yawa suka ɗauka. In tsoho ya faɗa maka haka, ka rubuta da ladabi, ka sa "an ce". Ka ware shi daga abin da ka tabbatar suna bayan suna.

Abin da ba a so a ji

Mai tono yakan tono abin da bai nema ba. Zamanin Rabe da kafinsa an kama mutane an sayar. Wataƙila ka tarar kakanka kamamme ne, ko shi ne mai kamun. Wataƙila ka ji wane ɗan riƙo ne, ko an yi saki mai ɗaci. A shekarun nan ma akwai gidajen da ɗansu ya bi ƴan ta'adda. Ni a ganina ba a gina asali a kan ƙarya, gama jikoki za su gano. Amma ba kowace gaskiya ake karantawa a dandali ba. In tsoho ya ce wannan tsakaninmu ne, ka riƙe amana. Kada kayen nan ya zama abin gori ga maƙwabci, ko abin hana aure. Dokar ƙasarmu ta 2003 ta mai da bauta laifi mai hukunci. Sirrin gidan wani kuwa, ba naka ba ne ka rubuta.

Haka maganar gona. Kaye ba takardar mallaka ba ce. Ka rubuta iyaka yadda dattawa suka faɗa, da itatuwan da ke kanta, da sunayen maƙwabta na gabas, yamma, kudu da arewa, da shaidun da suka ji. In ana so ta zama hujja, sai a je wurin mai gari da hukumar kula da filaye a yi takarda.

In kaye ya fara cika, a tara dangi ranar salla ko ranar suna, a karanta musu sunayen. Za ku ji ana cewa, "Kun manta da wance!" Sai a ƙara. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna wurin ɗan'uwa a wani gari. A ɗauki hoton kowane shafi a tura wa dangi. A sa kaye cikin leda, a sa cikin kwalla mai murfi, a ɗora sama, nesa da gara da ruwa. A haɗa shi wuri ɗaya da takardun haihuwa, yadda in tafiya ta kama da gaggawa hannu ɗaya zai ɗauke su.

Ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya rubuta shafi uku: nasa, na mahaifinsa, na mahaifiyarsa. Ya kuma rubuta sunan wanda ya fi kowa tsufa a danginsa, ya je ya gaishe shi kafin Juma'a. Malamai su duba rubutun, su taimaka da lissafin shekaru. Ajin da ya tara sunayen shekarun garinsa ya ba malaminsa ya aiko mana, za mu karanta a wannan fili.